Shekarar da Na Zaɓa wa Nasiru Lauya a Waya

Da sunan Allah nake ɗaukar biron nan, domin Shi kaɗai ya ga abin da ke cikin ƙirjina a shekarar da zan ba ku labari. Ku 'ya'yana da jikokina, na san kun ji maganar daga bakuna da yawa a Ba'awa. An gaya muku ni Rakiya na tsaya kai da fata na hana a ɗaukar wa Nasiru babban lauya, shi ya sa ya daɗe a tsare har ya fito da tarin da kuke ji yana yi. Wasu sun ce rowa ce, wasu sun ce taurin kai. Taurin kan ban musa ba, da shi aka haife ni. Amma tunda Allah ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙi, gara ku ji daga hannuna kafin a binne ni da labarin.

Da kaka ne, ana yankan dawa. Nasiru, ɗana na fari, yana acaɓa a tashar Kafin Maiyaki. Ran kasuwa wasu mutum biyu suka zo da buhuna, suka ɗauki babur ɗinsa da na Lawan ɗan maƙwabcinmu Malam Tanimu, wai a kai su wani ƙauye a wajen Doguwa. A shekarun nan ɓarayin shanu sun yi sansani a dajin can, kowa a tsorace yake. Sun wuce Tudun Wada kaɗan suka tarar da shingen jami'an tsaro. Kafin babura su gama tsayawa fasinjojin sun dire sun faɗa daji. Da aka kwance buhunan aka ga shinkafa da magunguna, a ƙarƙashinsu kuma harsasai. Su Nasiru da ba su gudu ba, don ba su san akwai abin gudu ba, su aka kama.

Ina tankaɗen garin tuwo wani ɗan acaɓa ya yi sallama ya faɗi maganar daga bakin ƙofa. Talatu matar Nasiru ta fasa ihu, 'yarsu Ummi da ke ƙarama a lokacin ta kama zanenta tana kuka. Ni kuwa ban ajiye rariyar ba. Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba. A tasowarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane, ba ta sa baki a lamarinsa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Tun da na haife shi ban taɓa furta sunansa ba, sai dai “kai” ko “yaron nan”. Saboda haka na ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba a ƙasa.

Mahaifinku Malam Sule ya riga ya rasu, don haka maganar ta koma hannun yayansa, Baffanku Ila. Ya yi ƙoƙari, kada wanda ya gaya muku bai yi ba. Ya bi sawu har Kano inda aka kai su, ya dawo fuskarsa ta faɗa. Ya ce ba maganar mai unguwa ba ce, ba ta dagaci ba ce, babbar kotu za a kai su, kuma laifin da ake faɗa irin wanda mutum ke tsufa a gidan yari ne. Dole sai lauya. To, mu a zuriyarmu babu wanda ya taɓa ganin lauya ido da ido. Rigimar gona ko ta gado a zaure ake kashe ta. Hauwa ce, ƙanwar Nasiru, da ta baro kwaleji ta taho gida da jin labarin, ta ce yanzu lauyoyi suna da shafuka a intanet, ana iya duba su a waya a zaɓa.

A gidanmu sabis ba ya kamawa sai a gindin rumbu. Nan aka shimfiɗa tabarma bayan azahar, Yaya Ila da Malam Tanimu suka zauna, Hauwa ta durƙusa a gefe da wayar. Ni ina daga ƙofar ɗakina, inda ya dace uwar ɗan fari ta tsaya, ina yi kamar tsintar wake nake. Ta buɗe shafuka da dama, amma ɗaya ne ya tafi da hankalin maza. Ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe, da ya buɗe kuwa har ni daga nesa na ga ƙyalli. Dogon bene na gilashi, sikeli mai ruwan zinariya, littattafai jere har rufi, da wasu ƙattai cikin baƙaƙen riguna da farar hular gashi, sun harɗe hannu.

“Me aka rubuta da manyan baƙin nan?” in ji Yaya Ila.

“Baffa, sun ce ba su taɓa faɗuwa a shari'a ba. Wai ka kira yau, ka ga aiki yau.”

“Alhamdu lillahi! Malam Tanimu, ka gani? Waɗannan ko alƙali ya hango su sai ya gyara zama.”

“Ni na gama zaɓe,” in ji Malam Tanimu. “Hauwa, rubuto mini lambarsu.”

Aka kira la'asar suka tashi zuwa masallaci. Ni kuwa shafin nan bai kwanta mini ba, na rasa dalili. A nan sai na gaya muku wani abu game da ni. Shekara da shekaru, in za a yi aure a danginmu, ni ake turawa binciken gidan da za a haɗa zuri'a da su. Goggona ce ta koya mini. Ta ce in kin je, za a sauke ki a inda aka share domin ki, a kawo miki ruwa a kwanon da ba a fito da shi sai don baƙo. Ki sha, ki yi godiya, sannan ki ce kina son ki kewaya. A hanyar makewayi za ki bi ta madafi, ki ga tukwanensu, ki ga yadda ake magana da surukar gidan in an ɗauka baƙuwa ba ta ji. Abin da kika gani a can shi 'yarku za ta tarar. Da wannan na hana aure biyu a rayuwata, na kuma sa an ɗaura da yawa.

Na yafito Hauwa, muka tsaya a gindin rumbu.

“Wannan da kika nuna musu zaure ne,” na ce. “Kai ni madafinsu.”

“Inna, shafi ne fa, ba gida ba.”

“Wanda ya gina shi mutum ne. Shiga da ni ciki.”

Duk da halin da muke ciki sai da ta murmusa. Ta danna inda aka ce nan ne bayanin su waye su. Fuskoki suka fito, kowa yana washe haƙora, har da wani Bature a ciki. Na ce ta karanto mini sunayensu. Ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce ba a sa ba. Na ce to ina ofishin yake, wace unguwa, kusa da me? Ta ce sun dai rubuta sunayen manyan birane, sai lambar waya, sai wani akwati da za ka rubuta matsalarka ka aika. Na ce ta buɗe inda suke maganar wanda aka kama. Ta karanta ta fassara mini, kalmomi masu daɗi, ƙwarewa da gogewa da amana. Na ce ta buɗe na rigimar fili. Ta karanta, sai ta ce ai maganar ɗaya ce, kan kawai aka canza. Ta danna wajen labaransu, babu komai a ciki, an ce ana kan aiki. Ban ce mutanen banza ba ne, har yau ban sani ba. Na dai shiga gida na zaga ko'ina ban tarar da kowa ba, kuma a hannunsu ake so in sa ɗana.

“Akwai wani da kika wuce da sauri ɗazu,” na ce. “Mai launin toka.”

“Wannan ai bai haɗu ba, Inna. Kamar aikin ɗan koyo.”

“Buɗe.”

Nan take ya buɗe, don babu tarkacen hotuna. Gaskiyar Hauwa ce, ba shi da kyan gani. Hoton mutum biyu ne kawai, wani dattijo mai furfura da wata mata da tabarau da hijabi, kowanne da cikakken sunansa a ƙasa da irin shari'ar da yake yi. Matar, Barista Hadiza, an rubuta ita ke tsaya wa waɗanda ake tuhuma da laifi. Akwai hoton ofishin daga waje: wani tsohon bene a cikin Kano, kantin magani a ƙasa, matattakala a gefe, bangon duk tabon ruwan sama. Sun faɗi unguwar, sun faɗi motar da za ka hau daga tasha, sun faɗi ranakun da suke kotu ba za ka same su ba. Sai Hauwa ta ce, “Laa, akwai na Hausa.” Na karɓi wayar da hannuna, karo na farko a ranar.

Na bi da yatsa a hankali, yadda aka koya mana a aji. An rubuta abin da za ka yi in an kama naka: ka san inda yake tsare, ka kai masa abinci da maganinsa in yana sha, ka gaya masa kada ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. A ƙarshe aka ce irin wannan shari'a tana ɗaukar lokaci, ana ɗagawa a sake ɗagawa, kuma su ba za su yi wa kowa alkawarin nasara ko ranar fitowa ba, domin hukunci ba a hannunsu yake ba. Da na kai nan sai da na dafa rumbu. Maganar ta tsorata ni fiye da duk abin da na ji tun ranar kamun. Amma na ji muryar wanda ya taɓa zama da uwa irina, ya san abin da za ta tambaya.

Maza suka dawo. Yaya Ila ya ce Hauwa ta kira masu benen gilashi. Ina tsaye a tsakar gida, ban koma ƙofar ɗaki ba.

“Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, ina da magana.”

Ya dube ni da mamaki. “A kan me?”

“A kan lauyan. Waɗancan ba su da suna, ba su da ƙofa. In abu ya ɓaci, wa za mu je mu kama? Ga wasu nan sun faɗi sunansu da inda suke.”

Hauwa ta miƙa masa wayar. Ya duba, ya tamke fuska. “Mace? A saman kantin magani? Me suka ce, za su fito da shi?”

“Sun ce ba sa alkawari, Baffa,” in ji Hauwa, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Kin ji! Tun ba a fara ba sun sare. Rakiya, yaushe kika fara sa baki a maganar yaron nan? Ina kunyar taki? Koma ɗaki.”

Wallahi ƙafata ta so ta juya. Shekaru na bin maganarsa ne suke ja na. Amma na tuna harsasan nan, na tuna mutum yana tsufa a bayan ƙarfe, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

“Nasiru ɗana ne, Yaya. Nasiru. Ni na haife shi, kuma ba zan miƙa shi ga wanda ban san sunansa ba.”

Talatu ta rufe baki da hannu. Malam Tanimu ya sunkuyar da kai ya lallaɓa ya fita. Ni kaina sunan ya yi mini baƙo a harshe. Yaya Ila ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi a nitse.

“Shi ke nan. Na cire hannuna. In ya ruɓe a can, ke da Allah.”

Washegari ni da Hauwa muka hau mota zuwa Kano. Muka sami kantin maganin, da matattakalar, da tabon ruwan a bango, komai yadda yake a waya. Barista Hadiza ta fi hotonta gajiya. Ta saurare ni har na gama, ta yi tambayoyi, ta ce za ta je ta gan shi a ranar. Na ce mata yaushe zai fito. Ta cire tabarau ta ce, “Mama, ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba.” Na yi mata godiya, muka sauko daga benen.

Yanzu ga abin da masu ba ku labari suka fi so. Ba a gama sussukar dawa ba Lawan ya dawo gida. Masu benen gilashi suka karɓi maganarsa, kuma ga shi ya fito. Ina ɗaki na ji guɗa daga gidan Malam Tanimu, na leƙa na ga mutane suna tururuwar barka. Na ɗauki mayafina na je ni ma, don maƙwabtaka ba ta faɗi ba. Mata suka buɗa mini hanya, kowa ta kau da ido. Na yi wa uwar Lawan barka, ta amsa da tausayi, kuma tausayin nan ya fi mini zagi ciwo. Ta yaya ya fito? Ban sani ba. Malam Tanimu bai taɓa faɗa ba, Lawan kuma bai jima ba ya tafi Kudu, bai sake zama a garin ba. Mutane sun yi ta raɗe-raɗi iri-iri, ni ba zan rubuta abin da ban gani ba. Abin da na sani, ɗansu yana waje, nawa yana ciki, kuma ni na zaɓa.

Daga ranar tsoro ya tare a jikina. Abinci ya daina shiga. In na ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ɗauka saƙon mutuwa ne. Talatu ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba, yarinyar kirki ce, amma ta daina haɗa ido da ni, in ta ajiye mini tuwo sai ta juya da sauri. Ummi ta tambaye ni wata rana, “Iya, baban Lawan ya fi ki wayo ne?” Aka ɗaga shari'a, aka sake ɗagawa. Yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe shaida yana wani gari. Na je ganin Nasiru a gidan yari na tarar ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yana tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji.

“Inna, an ce Lawan ya fita.”

“Ya fita.”

“Lauyanmu ɗaya da shi?”

“A'a.”

Ya dube ni, ya buɗe baki, sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa bai sake tambaya ba, ni ma ban ƙara komai ba. A mota ina dawowa na yi kukan da ban yi ba ranar tankaɗe, ban damu da wanda ke kallo ba.

Sau da yawa na sa Hauwa ta sake buɗe mini shafin masu benen gilashi, in zuba wa ƙattan nan ido ina cewa ko na cuci ɗana. Har na je na gaya wa Barista Hadiza ina tunanin canzawa. Ba ta ɓata rai ba. Ta ce haƙƙina ne, za ta haɗa takardun ta ba duk wanda na kawo, in dai ya zo da kansa ta gan shi. Ta kuma gaya mini an kawo wa Nasiru wata takarda tun farko, aka ce ya sa hannu a sassauta masa, ita ta ce kada ya sa, domin a ciki an rubuta ya san abin da ke buhun. Ta ce in ina so ya sa hannun, wannan ma sai in faɗa mata. Na tsaya a kan matattakalar nan na daɗe, warin magani yana tasowa daga ƙasa. Na ce a zuciyata, wa zan kawo ya zo da kansa, ni da ban san sunan ko ɗaya ba? Na koma ciki na ce ta ci gaba.

Sai da damina ta zagayo, ana noman farko, alƙali ya yanke cewa babu shaidar Nasiru ya san abin da ya ɗauko, ya sallame shi babu laifi a kansa. Ya dawo Ba'awa da rana tsaka, yana tafiya kamar tsoho. An yi guɗa, an yi barka. Yaya Ila ya zo ya rungume shi ya yi kuka, ya wuce ni a tsakar gida da “sannu” ɗaya. Haka muka zauna har Allah ya karɓi ransa, gaisuwa kawai, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mini rai har yau, don mutumin kirki ne kuma don son yaron ya yi fushi. Nasiru bai sake hawa acaɓa ba, ƙirjinsa ba ya ɗaukar iska, ya koma gona. A kan maganar lauya kuwa bai taɓa ce mini uffan ba. Bai gode ba, bai zarge ni ba. Yana gaishe ni safe da yamma, yana kawo mini sabon hatsi, amma duk sanda ya yi tarin nan sai in ji kamar tambayar gidan yari ce yake ƙarasawa. Shekaru na zauna da tsoron amsar, ban iya tambayarsa ba.

Bara wani saurayi daga Bebeji ya fito neman Ummi, bayan ta gama makaranta, ita ma tana so. Maza suka je suka ga iyayensa suka dawo suna yabo, gida na bulo, zaure da tayil, mutanen mutunci. Saura a tura mace. Ni na ɗauka Hauwa za a aika ko wata cikin matan baffanni, don na tsufa, kuma tun waccan shekarar ba a sake tura ni bincike ba. Da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki sai ga Nasiru. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ya yi tarinsa, ya shiga wasa da ƙasa.

“Inna, maganar Bebeji. Ke nake so ki je.”

“Ni? Idona ya yi rauni, ƙafa ma sai a hankali. Ga Hauwa nan.”

“Na yi magana da mai mota, zai kai ki har ƙofa.” Ya ɗago kai ya dube ni sosai, yadda bai yi ba tun ranar da ƙarfen gidan yari ke tsakaninmu. “Zaurensu na gani, ya yi kyau. Ummi ce, Inna, ba zan miƙa ta a kan zaure ba. Ki shiga ki dubo mana madafin.”

Ban san ranar da Hauwa ta gaya masa maganar madafin da na yi mata a gindin rumbu ba, ban kuma tambaya ba. Da ƙyar na ce, “To, Nasiru.” Karo na biyu ke nan da sunan ya fita daga bakina, kuma wannan karon shi ya ji da kunnensa. Sannan na ce wa Ummi ta ɗauko mini mayafina da takalmi.